Ina dutsen yake, ina tekun, a zanen Helen Frankenthaler?

Malam, ka ce ka ga hoton Mountains and Sea, wai duwatsu da teku, amma kai ba ka ga dutse ba balle ruwa, sai dabbare-dabbaren fenti. To ai da gangan ta yi hakan.

Helen Frankenthaler 'yar Amurka ce, haifaffiyar New York a 1928, kuma ta yi zanen nan a Oktoban 1952 tana 'yar shekara 23, bayan ta dawo daga yawo a Nova Scotia ta ƙasar Kanada. Ba kwafar wurin ta zauna yi ba, abin da ya tsaya mata a rai ta zuba.

Yadda ta yi shi ne ya fi burge ni gaskiya. Ta shimfiɗa ƙaton yadi a ƙasa, faɗinsa kusan mita 3, wanda ba a shafa masa komai ba, ta tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa ta dinga zubawa yadin yana shanyewa kamar yadda baba ke kama zane a marina, shi ya sa launin bai yi kauri ba, har saƙar yadin kana gani. Ka duba gefen dama, shuɗin nan da ya kwanta shi ne tekun, sai kore da ruwan hoda sun taru a tsakiya da 'yan layukan gawayi, duwatsun kenan.

Farkon nuna shi a 1953 ba wanda ya saya. Amma a shekarar masu zane Morris Louis da Kenneth Noland suka gan shi suka ɗauki salon. Ta rasu a 2011, zanen kuma an daɗe ana nuna shi a gidan nuna zane-zane na National Gallery da ke Washington.