Yarinyata tana haddace kalmomi amma ta kasa karanta su a littafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Yarinyata shekararta 5, duk sati makarantarsu na ba su kalmomin Turanci guda 10 wai sight words a haddace. Wlh in na ɗaga mata katin tana faɗa tiryan-tiryan, amma in na buɗe littafi na nuna mata wannan kalmar dai a cikin jimla sai ta tsaya tana kallona, ko ta leƙa hoto ta yi canke. Kuma tana rikita b da d. In ƙaro mata katuna ne, ko dai akwai matsala a tare da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da ɗawainiya. Kar ki ƙara katin tukuna, kuma a abin da kika faɗa ban ga abin tayar da hankali ba. Yarinyar ta haddace kati ne ba kalma ba. Yara suna da wayo fiye da yadda muke zato, za ta iya riƙe cewa na ukun nan shi ne was, ko mai lanƙwasasshen gefe shi ne said, ko ta kama harafin farko kawai ta ƙarasa da ka. Kamar wanda ya san mutum da rigarsa ne, ranar da ya canza kaya sai ya wuce shi a hanya. Gwada ki gani, ki cakuɗa katunan ko ki sake rubuta kalmomin da wani biro a wata takarda, nan take za ki san nawa ta sani da gaske.

Shi wannan jerin da makarantu ke rabawa yawanci daga wurare biyu yake. Wani malami ɗan Amurka, Edward Dolch, ya fitar da kalmomi 220 a 1936, waɗanda suka fi yawan fitowa a littattafan yara, daga baya Edward Fry ya yi nasa mai 1000. Hujjarsu mai ƙarfi ce, don kalmomi 100 na farko a jerin Fry su ne kusan rabin duk abin da mutum zai ci karo da shi a rubutun Turanci, kinga yaron da ke gane su ba tsayawa ya rage wa kansa aiki sosai. Inda aka samu matsala shi ne yadda ake koyar da su, aka ɗauka sai an haddace surar kalma kamar hoto.

Ƙwaƙwalwa ba haka take ajiye kalma ba. Binciken wata masaniyar koyon karatu, Linnea Ehri, na shekaru da yawa ya nuna cewa kalma na zama a kai ne lokacin da yaro ya ɗaure kowane harafi da sautinsa, ya haɗa ya furta, ya sake haɗuwa da ita ya sake haɗawa, bayan 'yan lokuta sai ta zauna daram, da ya gan ta ya gane ba sai ya tsinka ta ba. Ke kanki yanzu da kike karanta wannan amsar ba haɗa baƙi kike ba, duk kalmomin nan sun zame miki na kallo ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga miki su a kati. Wato gane kalma da kallo ɗaya sakamako ne na haɗa baƙi, ba wata hanya ce daban da za a bi a tsallake shi ba. Shi ya sa kwamitin da gwamnatin Amurka ta kafa kan karatu ya sa sanin sauti da foniks, wato koyar da karatu ta hanyar haɗa harafi da sautinsa, cikin ginshiƙai 5 na koyon karatu a rahotonsa na 2000, Ingila ma bayan rahoton da Jim Rose ya rubuta wa gwamnati kan koyar da karatu a 2006 ta koma kan foniks, har daga 2012 suke yi wa 'yan aji ɗaya gwaji da kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, da gangan, don a gane wa ke karantawa wa ke hadda.

Toh me za ki yi a gida? Ki fara da kunne kafin ido. Ba littafi ba biro, ki ce mata da wane sauti sun ya fara, ko ki ja sautukan a rarrabe, m, a, t, ta haɗa ta gaya miki kalmar. Sautin harafi za ki koya mata ba sunansa kaɗai ba, don yaron da ya san "si, e, ti" ba yadda za a yi ya fitar da cat daga ciki. In wannan ya zauna sai ki ɗauko jerin makarantar ki raba shi gida biyu. Za ki yi mamaki, da yawansu ba su da wata gargada, irin su in, it, at, can, and, not, big, waɗannan ba su buƙatar hadda ko kaɗan, ta haɗa ta karanta kawai.

Gida na biyu su ne masu taurin kai, the, said, was, of, one, you. Su ma ba duka jikinsu ne ya karkace ba. Ɗauki said, s ɗin daidai yake, d ɗin daidai yake, ai ɗin tsakiya ne kawai ya saɓa. Sai ki rubuta kalmar, ku furta ta tare, ta ƙirga sautukan da yatsa, ki ja layi da jan biro a ƙarƙashin ai ki ce nan ne wajen da za mu riƙe da ka. Ta rubuta da hannunta tana furtawa, ki rufe ta sake rubutawa, sannan ki sa kalmar a gajeriyar jimla da sauran kalmomin duk ta iya haɗa su. Ni a ganina 10 a sati sun yi wa 'yar shekara 5 yawa, 3 ko 4 da suka zauna sun fi, kuma minti 10 kullum ya fi awa guda ranar hutu ana kuka ana tsawa. Kullum ki dinga dawo da na makon jiya cikin na yau.

Maganar leƙa hoto kuwa, ki hana a hankali. In ta tsaya kar ki ce kalli hoton me kika gani, kar kuma ki yi saurin faɗa mata, ki ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin farko ki ce mu bi shi. Canke yana aiki a littafin nazare mai hoto a kowane shafi, amma in aka yi gaba a aji hotunan za su ragu, a nan ne ake ganin yaran da aka ce suna da ƙoƙari sun tsaya cak.

Wani abu da iyaye ke rainawa, in yarinyar Hausa take ji a gida ki koya mata karanta Hausa ma. Rubutun Hausa baƙi da wasali ne kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ba be bi bo bu, ta haɗa ba da ba ta ga baba, kuma ta san abin da ta karanta. Turanci haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44, shi ya sa yake wahala ko ga masu shi. A wani bincike na 2003 da Philip Seymour da abokan aikinsa suka yi a ƙasashen Turai, yaran da rubutun harshensu ke tafiya da furuci irin na Finlan da Italiya da Girka sun kusa ƙwarewa a ƙarshen shekarar farko, masu Turanci kuwa ko rabin kalmomin ba su karanta daidai ba. Dabarar haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonta, in ta kama ta a harshen da take ji za ta tafi da ita Turanci. Sannan ki tabbata ta san ma'anar abin da take furtawa, ki dinga karanta mata labari da baki kina tambayarta me ya faru, don furta kalma ba tare da fahimta ba rabin aiki ne.

Sai b da d. Wannan ruwan dare ne a shekarunta, ido ya saba kujera kujera ce ko ta kalli dama ko hagu, sai a rubutu ne juyawa ke canza abu, kuma yakan ɗauki lokaci kafin ƙwaƙwalwa ta saba. Kar ki koya mata su rana ɗaya, ki zaunar da b tukuna, ta fara jan sanda sannan ta zagaya tumbin, tana rubutawa tana furta sautin, bayan kwanaki ki kawo d. In ta kai wajen shekara 7 abin bai ragu ba duk da ana koya mata sauti yadda ya kamata, ko kin lura ba ta iya jin cewa kalmomi biyu sun fara da sauti ɗaya, ko akwai masu irin wannan wahalar karatun a dangi, to a fara duba idonta da kunnenta, sannan a nemi ƙwararre ya gwada ta kan disleksiya, wato larurar da ke sa koyon karatu ya yi wa yaro wuya, don da wuri aka fi samun sauƙin taimaka mata.