Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Taurari Suke Fitowa Dishi-dishi a Hotona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare, kuma na haɗa madubin hangen nesa da hannuna, irin ƙirar Newton, wato mai babban madubi a gindi da ƙarami a baki. Faɗin babban madubin milimita 114 ne, nisan da yake tara haske milimita 900, gangar jikin kuma fayif ne na roba irin na masu aikin famfo. Idan na leƙa da ido ina ganin ramukan wata tangaran, amma da na ɗaura kyamarata ta Canon domin ɗaukar Kaza da 'Ya'yanta sai taurarin suka fito kumbure, wasu ma da baƙin ɗigo a tsakiya. Wani daren nakan samu saitin da farko, can dare ya yi nisa sai ya lalace ba tare da na taɓa komai ba. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Baƙin ɗigon da kake gani inuwar ƙaramin madubin da ke bakin fayif ɗinka ce, kuma ba ta bayyana sai idan kyamarar ta yi nesa da inda hasken yake haɗuwa. Saboda haka ka fara duba abu ɗaya: idan kana tura kyamarar ciki tauraron da ya kumbura yana ta ƙanƙancewa har ka kai ƙarshe bai zama ɗigo ba, to ba za ka taɓa samun fokas, wato saitin da hoto yake fitowa tangaran, ba komai ƙwarewar hannunka. Sensar kyamarar Canon irin ta DSLR, wato faifan da ke karɓar hoton, tana can ciki da nisan milimita 44 daga bakinta, idan aka haɗa da zoben da ake ɗaura ta da shi ya zama kusan 55, alhali gilashin ido ba ya buƙatar wannan tazarar. Maganinsa shi ne ka matso da babban madubin gaba kaɗan, wanda abu ne mai sauƙi ga wanda ya ƙera kayansa da kansa. Gilashin Barlow mai ninki biyu, wanda ake sakawa gaban kyamarar don ya ƙara nisan tara haske, shi ma yana warware matsalar, sai dai zai sa ka buƙaci ninki huɗu na lokacin ɗaukar hoto.

Idan kuma kana iya wuce wurin fokas ka dawo, matsalarka ƙanƙantar wurin ce. Raba 900 da 114 yana ba da kusan 8, wato madubinka f/8 ne, kuma a wannan ma'auni tazarar da tauraro yake zama ɗigo sosai ba ta wuce kimanin milimita 0.14 ba, kaurin gashin kai guda biyu ke nan. Idon mutum yana gyara ɗan kuskure da kansa, shi ya sa watan yake fito maka da kyau. Sensa ba ta yin wannan alfarmar. Fayif ɗin da ake turawa da hannu a cikin ɗan'uwansa ba zai tsaya a irin wannan wuri ba sai bisa sa'a. Ka nemi haɗin fayif mai murɗawa, domin idan zagaye ɗaya yana tafiyar da kyamarar milimita 2, wurin da kake nema ya zama juyin kusan digiri 25, wanda yatsu suna iya sarrafawa. Ka ƙara masa noti a gefe na ɗaure shi bayan an saita.

Sauran aikin shi ne sanin lokacin da ka isa wurin, kuma a nan ne yawancin masu farawa suke yaudarar kansu, suna ƙura wa sikirin ido suna hukunta ko ɗigon ya kai ƙarshen ƙanƙanta. Iska tana sa tauraro rawa, yana kumbura yana motsewa a cikin daƙiƙa guda, don haka ido ba zai yanke wannan hukunci daidai ba. Abin da ido ya iya shi ne gane ko layi yana tsakiyar layuka biyu, kuma a kan wannan ne wani ɗan ƙasar Rasha mai ɗaukar hoton taurari don sha'awa, Pavel Bahtinov, ya gina marufin da ya fito da shi a 2005, wanda ake kira da sunansa.

Marufin faifai ne da ake rufe bakin madubin da shi, an yi masa tsagu rukuni uku. Rabinsa ɗaya yana da tsagu a jere masu fuskantar gefe guda, ɗaya rabin kuma an raba shi biyu, tsagun kowane ɓangare sun karkata da kusan digiri 20, wannan zuwa sama wancan zuwa ƙasa. Hasken tauraro idan ya ratsa tsagu yakan bazu ya zama layi, saboda haka rukunai biyun nan masu karkata suna zana alamar X, na ukun kuma yana zana layi ɗaya da ke ratsa ta. Muddin fokas bai yi daidai ba, hasken rabin madubin nan da na rabin can ba sa sauka wuri ɗaya, sai layin ya kauce gefe. Kana murɗawa yana matsowa, idan ka zarce ya tsallaka ɗaya gefen. Da ya tsaya a tsakiyar X ɗin, ka ɗaure.

Baƙin kwali mai ɗan kauri, rula da sabuwar reza sun wadatar. Ƙa'idar da ake bi ita ce a raba nisan tara haske da lamba tsakanin 150 da 200, abin da ya fito shi ne faɗin tsaga ɗaya haɗe da sandar da ke gefenta. Naka ya kama milimita 4.5 zuwa 6, misali tsaga milimita 3, sanda milimita 3. Ba dole ba ne faɗin ya zama cif-cif, amma gefunan su zama miƙaƙƙu masu tsabta, domin gefe mai gashi-gashi yana dusashe layukan. Wanda ya ga yankan ya yi yawa yana iya huda ramuka biyu ko uku kawai a kwalin, tsohuwar dabarar da ake dangantawa da Scheiner da Hartmann, inda tauraron yake rabuwa gida biyu ko uku sannan ya haɗe a fokas. A ganina wahalar marufin Bahtinov ta fi riba, saboda a dabarar ramukan ɗigogin tauraron suna haɗewa tun kafin a kai ainihin wurin.

Ka yi saitin a kan tauraro mai haske, ka buɗe hoton kai tsaye a sikirin ka girmama shi ninki 10. Zara ba ta dace ba duk da haskenta, domin duniya ce mai faɗi a madubi, layukanta sukan yi kauri. Sirius ya fi kowane tauraro haske da dare, amma tunda Kaza da 'Ya'yanta kake nema, gara Aldebaran, jan tauraron nan da ke kusa da su, saboda a kayan haɗin gida babban madubi yakan ɗan gusa idan aka juya fayif ɗin da nisa. Kada ka manta ka cire marufin kafin ɗaukar hoton.

Lalacewar saitin cikin dare kuwa aikin sanyi ne. Robar fayif tana motsewa fiye da ninki biyu na alminiyam, ta yadda tsawon milimita 900 yakan ragu da kusan rabin milimita idan zafi ya sauka da digiri 10 a ma'aunin Celsius, kuma daren hunturu a Zariya yana iya sauka fiye da haka tsakanin magariba da asuba. Digiri 2 zuwa 3 sun isa su fitar da kai daga tazarar nan ta milimita 0.14. Ka fitar da madubin waje minti 30 zuwa 60 kafin ka fara, sannan ka riƙa mayar da marufin kana dubawa kamar kowane rabin awa. Ka kuma lura da siffar taurarin: masu kumburi a zagaye laifin fokas ne, masu tsawo kamar an ja su kuwa juyawar duniya ce, wadda a milimita 900 take gusar da tauraro kusan fikisel 15, wato ƙananan ɗigogin da suke haɗa hoto, a daƙiƙa ɗaya idan mazaunin madubin ba ya bin sama.

TAMBAYA: Ni gilashin kyamara mai milimita 50 kawai nake da shi. Na murɗa shi har ƙarshe zuwa alamar nesa, amma taurarin ba su fito ba. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malama, yawancin gilasan zamani suna wuce wurin nesa idan an murɗa su har ƙarshe, don haka alamar ba abin dogaro ba ce. Marufin kwali ma ba zai yi miki ba, tunda tsagunsa za su zama ƙasa da rabin milimita. Ki kashe fokas mai sarrafa kansa, ki girmama tauraro mai haske a sikirin, ki riƙa murɗawa a hankali kina lura da ƙananan taurarin da ke kewaye da shi, waɗanda ba sa bayyana sai an kai daidai. Idan gilashin f/1.8 ne ki rage buɗewarsa zuwa f/2.8, wanda zai faɗaɗa miki wurin fokas fiye da ninki biyu, sannan ki manne zoben fokas ɗin da salatif, kada kuma hoto ɗaya ya wuce daƙiƙa 6 zuwa 10.