In sauya jerin tambayoyin PHQ-9, kuma dole sai na sayi SPSS?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu, bincikena kan ciwon damuwa ne a tsakanin mata masu jego. PHQ-9, takardar tambayoyin auna ciwon damuwa, zan yi amfani da ita, amma ina so in dawo da tambayar barci da ta cin abinci farko, don kada mata su tsargu tun daga buɗe baki. Hakan ya yi? Kuma an ce sai na sayi SPSS, manhajar lissafin bayanan bincike, kafin in gane ko sauyin ya taɓa sakamako.

Amsa: Ƙanwata, nufinki mai kyau ne, amma kada ki taɓa jerin haka kawai. PHQ-9 da Kroenke da Spitzer da Williams suka fitar a 2001 tambayoyi 9 ce, kowace tana da maki 0 zuwa 3, jimla 27. Makin 10 da ake kafa iyakar zargin ciwon damuwa da shi, da wannan jerin aka gwada shi. Kina jujjuya su, mai duba aikinki yana da damar cewa awonki daban ne.

Tambayar da ta gabata tana iya rina amsar da ke bin ta. A 1988 Strack da Martin da Schwarz sun tambayi ɗalibai a Amurka kan jin daɗin rayuwa da kuma harkar soyayya. Da aka fara da jin daɗin rayuwa, amsoshin biyu kusan ba ruwansu da juna. Da aka fara da soyayya, alaƙar ta haura zuwa 0.66, a ma'aunin da 1 ne ƙololuwarsa. To ki duba maijegon da jariri ya hana ta runtsawa, ki fara mata da zancen barci. Da wannan gajiyar a ranta za ta amsa sauran takwas ɗin.

In kin dage, ki gwada. Buga takarda kala biyu, ta asali da taki, ƙuri'a ta zaɓa wa kowace mace tata, ba ke ba, ba ranar awo ba. Sai ki kwatanta matsakaicin makin ɓangarorin biyu da gwajin t, lissafin da ke duba ko bambancinsu ya wuce na dace. Kada ki tsaya nan, don jimla na iya zuwa ɗaya alhali wata tambaya ta hau, wata ta sauka. Bi su ɗaya bayan ɗaya da abin da ake kira DIF: mata biyu masu damuwa daidai, shin amsarsu ga tambaya guda ta bambanta saboda takardar da suka samu? Hanyar Mantel da Haenszel ta isa farawa. Alfa ta Cronbach kuwa, ma'aunin yadda tambayoyi ke tafiya tare, wadda ɗalibai ke ji da ita, ba za ta raba miki gardama ba, tana iya tashi don kawai tambayoyi masu kama sun zauna kusa da juna. Kuma da mata 40 a kowane ɓangare, rashin ganin bambanci ba hujja ba ne.

Kuɗin SPSS ki riƙe abinki. Manhajar R kyauta ce, tana da kayan aikin lordif da mirt na wannan aikin, manhajar jamovi ma kyauta ce ga wanda rubuta umarni ke ba shi ciwon kai. Ita kanta PHQ-9 ba a biyan ko sisi, saɓanin BDI-II, wata takardar auna damuwa, da ake saye. Ki ma leƙa takardar auna damuwa ta EPDS ta 1987, tambayoyi 10, don masu jego aka tsara ta.

Kuɗin ki kashe a kan ƙarin masu amsawa. Tambaya ta 9 kuma, ta tunanin mutuwa ko cutar da kai, kafin ki fita ki tanadi likita ko nas da za ki miƙa duk wadda ta amsa da wani abu ban da sifili, a ranar.