Tarwaɗar da ta fito ba fiffiken ciki

Ka tambaye ni, ɗana, 'ya'yan tarwaɗar nan na tankin baya da suka taso babu ƙananan fikafikan ciki, ko sabon iri ne da ya kamata mu ware mu riƙa ɗaukar ƙwai daga gare su. A'a, kada ka yi gaggawar ba su suna.

Akwai dangin wasu ƙananan kifaye da masana ke kira kilifish, masu zama inda sauran kifi ba sa iyawa. A jihar Nebada ta Amurka akwai wani rami cikin dutse, Devils Hole, ruwansa kullum yana wajen digiri 33, iskar shaƙa kaɗan, abinci kuma ɗan gansakukan da ke kan wani dandamalin dutse. Kilifish ɗin da ke cikin ramin bai kai tsawon ɗan yatsanka ba, ga ƙaton kai, kuma babu fiffiken ciki. A 2013 da aka ƙirga, 35 kacal aka gani.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Masu bincike sun ɗauko 'yan uwansa na kogin Amargosa, waɗanda ke da fikafikansu cif, suka rene su a ruwan zafi da ƙarancin abinci. Da yawa suka girma babu fiffiken, kai ya yi girma, ido ya yi girma. Iyayen lafiyarsu ƙalau. Zafi da yunwa ne suka hana gaɓar tsirowa tun suna ƙanana.

Wani kuma a jini yake. Kifin Orestiyas na tafkin Titikaka, tsakanin Peru da Bolibiya, sama da mita 3,800 a kan tsauni, duk zuriyarsu ba su da wannan fiffike, ko me ka ciyar da su. Gaɓar da ba ta ƙara wa kifi komai ba, wanda ya rasa ta yana hayayyafa kamar kowa, a hankali har ta ɓace daga dangin. Amma wannan aikin zamani bayan zamani ne, ba na ƙyanƙyasa ɗaya a tankin siminti ba.

Namu fa? Ni tankin nake zargi. Shi ne rana ke duka tun hantsi, kuma ka san zafin Katsina kafin damina. Ka tsoma hannu da azahar ka ji. Sannan an cunkushe su, manya na kwashe abinci. Ban cire laifin iyayen ba, don masu haɗa wa da ƙanwa shekara da shekaru suna ganin irin wannan naƙasa.

Gobe ka kafa rumfar zana a kansa, ka tace su ka raba manya da ƙanana, ka ƙara yawan canjin ruwa. Ƙyanƙyasa ta gaba, iyaye ɗaya, mu raba 'ya'yan tanki biyu, ɗaya a inuwa. In na inuwar ma sun fito haka, sai mu sayar da iyayen ga masu banda mu nemo wasu daga wata gona.