In shafa wa zanena verni kafin baje koli a Yamai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne a Tawa. Mu uku ne: ni, da abokina mai ɗaukar hoto, da wani mai sassaƙa. An ba mu wuri a wani zauren matasa a Yamai mu baje ayyukanmu cikin watan Afrilu, kuma wannan ne fitarmu ta farko. Kafintan da ke yi mana firam ya ce zafi da ƙura za su cinye komai in ba a rufe shi ba. Ya ce a fesa wa zane verni, wato man sheƙin nan da ake shafa wa katako, a kai hotuna a manne su cikin leda, a shafa wa sassaƙa baƙin mai saboda gara. Na yarda ya fesa wa zane 2, ɗaya na fentin mai, ɗaya na jar ƙasa da ƙaro. Yau mako 3 ke nan, na man yana danƙo, na ƙasan ya yi duhu har ban gane shi ba. Saura guda 11 da ba a taɓa ba. Wallahi barci ya gagare ni. In ci gaba ko in tsaya? Kuma waɗannan biyun suna gyaruwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tsaya. In sauran 11 ɗin suna shagon kafinta, ka je yau ka kwaso su, kada yaron shago ya ga sarari ya ce bari ya taimake ka.

Wannan magana ta verni ita ce ta fi kowace ci mini tuwo a ƙwarya a cikin aikin nan. Kusan duk matashin da ya kawo zane a rataya, sai ka ga fuskar zanen tana walƙiya, ka matsa kusa ka ji warin shagon katako. Mutanenmu sun ɗauka ƙyalli shi ne kariya, abin da ke sheƙi shi ne aikin da aka gama. Zanen da na ga verni ya hallaka a garin nan ya fi wanda ƙura ta hallaka yawa nesa ba kusa ba. Ƙura ana kakkaɓe ta da burushi mai laushi. Vernin kafinta in ya hau, ya hau ke nan.

An yi shi ne don ƙofa da tebur da gado, abubuwa masu tauri. In ya bushe yana zama ɓawo mai ƙarfi. Ƙyallen zane kuwa kullum cikin motsi yake. A watan Maris laimar iskar Yamai tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta ta haura kashi 70. Ƙyalle da katakon da aka ɗaure shi a kai suna saki suna ɗamewa tare da yanayi, ɓawon da ke sama ba ya iya bin su, sai ya tsattsage, wani lokaci ya ɓamɓaro da fentin da ke ƙarƙashinsa. Ga shi kuma yana komawa ruwan ɗorawa da daɗewa. Farinka zai zama kalar man shanu, shuɗinka ya karkata zuwa kore, kai da ka ɓata kwanaki kana haɗa launin sararin samaniyar Adar.

Babbar illar ma ba wannan ba ce. Ka'idar masu adana kayan fasaha ita ce kada a ɗora wa aiki abin da ba za a iya cirewa ba. Vernin masu zane na gaskiya, ko na ƙaron itace da ake kira damar ne ko na zamani, an yi shi ne don wata rana a wanke shi da ruwan sinadari mai sauƙi, ya tafi da dattin da ya tara, fentin ya zauna lafiya. Na kafinta, musamman irin poliyuretan, ba ya narkewa sai da sinadarin da zai narkar da zanen kansa. Wanda ake sirkawa da diliyan kuma, wato sinadarin tsinka fenti, tun wajen fesawa diliyan ɗin yake fara cin fentin akrilik, wato fentin roba da ake damawa da ruwa.

Zanenka na mai da ke danƙo, ga abin da ya same shi. Ka san fentin mai ba ruwa ne ke ƙafewa daga cikinsa ba, iska yake sha a hankali har ya daskare. Samansa yana iya bushewa cikin mako guda alhali cikinsa ɗanye ne. Shi ya sa ake jira aƙalla wata 6 kafin a sa masa ko da vernin kirki, in ka zuba fentin da kauri kuma sai shekara. Kai an rufe naka bai gama shan iska ba. Na ƙasan kuma ya fi ba ni tausayi. Kyan jar ƙasa da farar ƙasa da aka dama da ƙaro yana cikin rashin ƙyallinsu, yadda haske ke watsuwa a tsakanin ƙwayoyin. Da verni ya cike gurbin da iska take, launin ya koma kamar ƙasar da ruwan sama ya jiƙa, sai dai wannan ba za ta sake bushewa ba. Aikin ƙasa, da na yashi, da na gawayi, ba a sa musu verni sam. In ana tsoron hannun masu kallo, a sa su bayan gilashi.

Ban ga laifin kafinta sosai ba, abin da ya sani ya faɗa, kuma a kan vernin ƙofa da tebur gaskiya ya faɗa. Waɗanda ke ɓata mini rai su ne ƴan tsakiyar nan da ke yawo da waya suna cewa suna da Bature mai saye, su ce wa yaro ya ƙara sheƙi don a sayi aikinsa da daraja. Ba su taɓa riƙe burushi ba. Mai saye da ya san zane, da ya ga wannan ɓawon sai ya rage kuɗi ko ya wuce, domin ya san abin da zai zama nan da ƴan shekaru. Haka suke sa masu sassaƙa su shafe sabon aiki da man takalmi su turara shi da hayaƙi don ya yi kama da na kaka da kakanni. Wannan ha'inci ne, kuma sunan mai sassaƙan ne ke ɓaci, ɗan tsakiya ya riga ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Mai fasaha ya ji tsoron Allah a kan abin da yake sayarwa, ya kuma san hannunsa yana da darajar da ba ta buƙatar ƙarya.

Biyun da aka fesa wa, kada ka kusance su da fetur ko diliyan ko tsumma, duk wanda ya ce maka yana fita. Kada ka shanya su a rana don su yi saurin bushewa. Ka jingine na man a inuwa, inda iska ke shiga, fuskarsa ta kalli bango ba tare da ta taɓa shi ba. Yana iya daskarewa cikin ƴan watanni. In har lokacin tafiya yana kama yatsa, ka bar shi gida. Na ƙasan ba zai dawo yadda yake ba, gara in gaya maka. In kana da hotonsa na kafin a fesa, ka adana shi da kyau.

Abokinka mai hoto shi ma ya rabu da maganar leda. Na'urar mannewa tana aiki da zafin da ya wuce digiri 100, tana narkar da gam cikin takardar, babu mai raba su har abada. Gefen ya buɗe da damina, danshi ya shiga ya maƙale a ciki. A bar wannan wa katin ɗan makaranta. Hoton baje koli ana sa shi a firam da kwali mai taga tsakaninsa da gilashi, don in ya manne da gilashin ya yi gumi, fuskar hoton za ta biyo gilashin ranar da aka buɗe. Ya tambayi mai buga masa ko tawadar ta garin launi ce ko ta rini, domin ta rini tana saurin kodewa a haske. Ya kuma ajiye asalin hotunan a wuri biyu, ba cikin waya kaɗai ba. Marigayi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar daren Yamai a shekarun 1960 da 1970 ya rasu a 2014, ayyukansa sun kai har bikin hotuna na Bamako. Hoton da asalin fim ɗinsa ya tsira ne ake iya sake wankewa a kai shi irin wannan wuri.

Baƙin mai kuwa, wanda aka juye daga injin mota, dauɗa ce da guba. Yana shiga itacen ya baƙanta shi, ya yi ta wari a zaure, ya ɓata rigar duk wanda ya goga, kuma ba ya kai wa ga ƙwaron da ya riga ya yi gida a tsakiyar itacen. In kun ga ƴan ƙananan ramuka da garin itace a ƙarƙashin sassaƙa, ku ɗaure ta tsaf cikin leda, ku sa a firiza mai kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili har mako guda, a gidan da wuta ba ta yawan ɗaukewa. In kun fitar kada ku kwance ledar sai ta huce da kanta. Itace mara fenti, irin kirya ko aduwa, ɗan kakin zuma kaɗan da tsumma mai tsabta ya ishe shi. Ku leƙa wajen masu sassaƙa da masu zubin tagulla a gidan tarihi na Boubou Hama, wanda ke nan tun 1959, ko ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ku zauna da dattijan cikinsu. Sun san wane itace ke tsagewa da hunturu in an sassaƙa shi ɗanye.

Inda ya kamata tsoronku ya koma shi ne hanya. Tawa zuwa Yamai ta Konni da Dogonduci da Doso ya haura kilomita 500, kuma a Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Akrilik yana laushi a irin wannan zafi, duk abin da ya taɓa fuskarsa sai ya bar sawu. Kada leda ta kwanta a kan fenti, kada zane biyu su haɗa fuska. A sa kwali a kusurwoyi, a jera su tsaye, kada a ɗora su saman mota ƙarƙashin tamfol. In dole sai an naɗe, a naɗe a kan bututu mai faɗi, fentin yana waje.

In kun isa, kada ku miƙa ko aiki ɗaya sai da takarda. Za a ce muku mai sa hannu ya fita, ku dawo gobe, ko a ce ai duk ɗaya muke. Ku zauna ku jira shi. A rubuta sunan kowane aiki, girmansa, halin da ya iso, kuɗinsa, kason zaure in an sayar, da ranar da za ku kwashe. Wanda ya sayi zane ya mallaki zanen ne kawai, bai sayi ikon buga shi a riga ko kalanda ba, kuma hukumar BNDA da ke kula da haƙƙin masu ƙirƙira tana nan Yamai in kuna son rajista. Ranar ratayawa ku je da hantsi, ku sake komawa da la'asar ku ga bangon da rana ke bugawa ta taga. Wannan bangon a bar wa tagulla, hotuna da zanen ƙasa su koma ɗaya ɓangaren.