Me ya sa zakaran Bature ke cewa "cock-a-doodle-doo"?

Malama, kin ce ɗanki ya dawo daga makaranta yana cewa zakara "cock-a-doodle-doo" yake yi, ke kuma ba ki taɓa jin zakara ya yi haka ba. Gaskiyarki. Zakara ɗaya ne, kunnuwa ne suka bambanta.

Turawa na kiran irin waɗannan kalmomi "onomatopoeia", daga Girkanci, ma'ana ƙirƙirar suna. Kowane harshe yana kwaikwayon ƙara ne da sautukan da yake da su. Bafaranshe na jin "cocorico", Bajamushe "kikeriki", kusa da namu kukuruku. Na Ingilishin ne ya fi kowane nisa da ainihin cara, a ganina waƙar yara ce kawai. Amma "buzz" na ƙudan zuma da "hiss" na maciji sun dace tsaf, don "z" da "s" ana iya jan su yadda ƙarar ke ja. Inda suke cewa "splash", mu sai mu ce ya faɗa ruwa tsundum.

Wani abin sha'awa, kwaikwayon na tsufa. "Bleat", kukan tunkiya, da wasali mai kama da "ee" ɗinmu ake furta shi a da, kusa da "mee". Sauyin wasulan Ingilishi tsakanin 1400 da 1700 ya mai da shi "bliit", kamannin ya ɓace. "Pigeon" ma, wato tattabara, daga Latin "pipio" ta fito, ma'ana ɗan tsuntsu mai tsuwwa, amma yau wa zai ji tsuwwar a cikinta?

Ki bar yaro ya haddace don jarrabawa.