Tambayoyin Masu Karatu: Za a Iya Dogara da Na'urar Tsara Ayyuka ta Aljihu?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi ƙaramar na'urar nan ta aljihu da ake ajiye kalanda da adireshi da jerin ayyuka a cikinta, wadda aka fi sani da PDA. Ko da yake wayar zamani ta kusa shafe ta daga kasuwa, har yanzu akwai masu riƙe da ita, akwai kuma masu tunanin komawa gare ta, kuma tambayoyinsu sun cancanci amsa ta gaskiya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, shekara da shekaru ina amfani da wata na'urar aljihu mai cin ƙananan batura biyu, a cikinta nake ajiye lambobin abokan hulɗata da ranakun alkawari. Kwanan baya na cire tsofaffin baturan, sai wani uzuri ya ɗauke mini hankali, ban sa sababbin ba sai bayan kusan awa ɗaya. Da na kunna ta sai na tarar babu komai a ciki, tamkar ranar da aka saye ta. Shin lalacewa ta yi, kuma akwai hanyar dawo da abin da ya ɓace?
Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, na tausaya maka ƙwarai, domin rasa lambobin da mutum ya tara cikin shekaru ba ƙaramar asara ba ce. Na'urarka ba ta lalace ba, haka aka ƙera ta. Yawancin na'urorin aljihu na farko suna ajiye bayanai ne a cikin irin ma'adanar da ake kira RAM, wadda ba ta riƙe komai sai da wuta a jikinta, ko da kuwa 'yar kaɗan ce. Lokacin da ka danna maɓallin kashewa, fuskar ce kawai take mutuwa, amma batura suna ci gaba da ciyar da ma'adanar dare da rana. Da zarar wutar ta yanke gaba ɗaya, abin da ke ciki ya tafi.

Masu ƙera su sun san da wannan rauni, sai suka yi masa dabara iri biyu. Wasu, kamar kamfanin Psion na Ingila, sun sa wani ƙaramin batir na ko-ta-kwana mai siffar maɓallin riga, wanda yake riƙe ma'adanar yayin da ake canja manyan. Wasu kuma, kamar na'urorin Palm na farko, sun dogara da wani ɗan ƙaramin sashe da ke tara wuta ya riƙe ta na kimanin minti ɗaya, shi ya sa ake gargaɗin mai ita ya tanadi sababbin batura a hannu kafin ya buɗe murfin. Wannan sashe yana rauni idan na'ura ta tsufa, har ya kai ga minti ɗayan ma ba ya cika. Sai a shekarar 2004, da fitowar Tungsten T5, Palm ya fara sa irin ma'adanar da ke riƙe bayanai ko babu wuta.

Game da dawo da abin da ya ɓace, ba zan ba ka fatan da ba shi da tushe ba: daga cikin na'urar kanta ba ya dawowa, kuma duk wanda ya ce zai ciro maka shi daga can, kada ka ba shi kuɗinka. Fata ɗaya da ya rage shi ne idan ka taɓa haɗa ta da kwamfuta. Irin waɗannan na'urori da dama suna zuwa da mazauni mai igiya, a ɗora su a kai a danna maɓalli ɗaya, sai kwamfuta ta ɗauki kwafin komai. Idan ka taɓa yin haka, ko da shekarun baya ne, nemo wannan kwamfuta ko rumbun ajiyarta, domin abin da ka shigar har zuwa ranar da ka yi kwafin ƙarshe yana can. Idan kuma na'urar tana da ramin katin ajiya, duba katin, domin shi ba ya gogewa saboda mutuwar batir.

Nan gaba ka riƙa canja batura ɗaya bayan ɗaya cikin hanzari, na'urar tana kashe, kuma ka yi kwafi kafin ka taɓa murfin. Kada ka jira sai ta mutu da kanta, ka canja da zarar ta fara nuna gargaɗi. Idan za ka ajiye ta tsawon watanni, ka kwafe bayanan sannan ka cire baturan, domin batir da ya daɗe a ciki yakan zubar da wani farin gishiri mai cinye ƙarafunan da yake taɓawa.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce, kuma duk lokacin da na ɗauki waya don duba jadawalin darasi sai na tsinci kaina cikin saƙonni, lokaci ya tafi. Wata abokiyar aikina ta ba ni shawarar in nemi irin wannan na'ura ta daban. Tana da amfani a yau, ko kuwa zamaninta ya wuce?
Daga wata malama.

AMSA: Malama, tambayarki ta taɓo ainihin dalilin da ya sa aka ƙirƙiri na'urar, don haka bari in ɗan tsawaita. Psion ya fitar da Organiser ta farko a 1984, sannan Apple ya fito da Newton a 1993, na'ura mai tsada da nauyi wadda ta yi ƙoƙarin karanta rubutun hannun kowa amma ta riƙa yin kuskure, har aka daina ƙera ta a 1998. Wadda ta samu karɓuwa sosai ita ce Pilot ta kamfanin Palm, wadda ta fito a 1996. Kafin a ƙera ta, Jeff Hawkins, wanda ya tsara ta, ya sassaƙa ɗan guntun katako daidai girman aljihun riga ya riƙa yawo da shi, duk lokacin da wata buƙata ta taso sai ya fito da shi ya gwada yadda zai yi da a ce na'ura ce ta gaske. Daga wannan gwaji ya gane cewa abin da mutum yake nema a yini kaɗan ne, shi ya sa Pilot ta zo da manyan maɓallai huɗu a ƙasan fuskarta: na kalanda, na adireshi, na jerin ayyuka, da na ɗan rubutu. Ƙaramar cikin na'urorin Pilot kilobait 128 kacal take da shi na ma'adana, wanda bai kai girman hoto ɗaya na wayar yau ba, amma ya ishi ɗaruruwan adireshi da alkawura.

A ganina, wannan taƙaitawa ita ce babbar falalarta, kuma ita ce maganin abin da ke damunki. Kina danna maɓallin kalanda sai ga jadawalin ranar nan take, babu jira, babu saƙon da zai faɗo ya janye ki zuwa wani wuri. Masu fuskar baƙi da fari suna yin makonni da batura biyu, kuma ana karanta su sosai a cikin hasken rana. Ƙararrawar tunatarwa tana bugawa ko na'urar tana kashe, ba ta kuma buƙatar layi ko intanet. Ga malami ko ma'aikacin jinya ko duk wanda yininsa yake a yanke sa'a-sa'a, wannan amfani ne na zahiri.

Sai dai wajibi ne in faɗa miki ɗaya ɓangaren. Bayan fitowar iPhone a 2007 da wayar Android ta farko a 2008, kasuwar waɗannan na'urori ta durƙushe, kamfanin HP ya sayi Palm a 2010, kuma manyan masu ƙera su duk sun daina. Ma'ana duk wadda za ki samu tsohuwa ce da ta wuce shekara goma sha biyar, ba ta da garanti, kayan gyaranta kuma sun yi wuya. Masu batir na caji, irin wanda kamfanin Palm ya fara sa wa na'urarsa Palm V a 1999, galibi batirin ya riga ya gaji, wani ma yakan kumbura ya tura murfi, kuma batir da ya kumbura bai kamata a sake sa masa caji ba. Manhajar da ke haɗa su da kwamfuta an rubuta ta ne don kwamfutocin wancan zamani, tana iya ƙin aiki da sababbi, wasu ma igiyarsu tana da irin bakin da kwamfutocin yanzu ba su da raminsa. Akwai kuma iyakar da mutane da yawa ba su sani ba: kalandar tsarin Palm tana ƙarewa ne a ranar 31 ga Disamba, 2031, saboda yadda aka tsara ƙidayar shekarunta daga 1904.

Shawarata ita ce, idan za ki samu mai cin batura na yau da kullum, kuma kin tabbatar da idonki cewa tana haɗuwa da wata kwamfuta da kike da ita ko tana kwafi a kan kati, to ki yi amfani da ita hankali kwance. Idan babu hanyar kwafi, ban yarda ki ɗora mata jadawalin zango guda ba, balle sakamakon ɗalibai. A wannan hali ya fi miki ki ɗauki wata tsohuwar wayar zamani, ki cire mata layi, ki goge komai sai kalanda da littafin rubutu, ki kashe mata intanet. Za ta yi miki aikin PDA, kuma fitar da bayanai daga cikinta abu ne mai sauƙi. Abin da na fi jaddada miki shi ne ki tsayar da wuri ɗaya, domin wanda ya raba alkawuransa tsakanin na'ura da waya da takarda, ranar da ya fi buƙatar abu sai ya tarar yana inda bai duba ba.

TAMBAYA: Idan na taɓa fuskar na'urata da tsinkenta sai ta amsa a gefe, ba inda na taɓa ba. Me ya jawo haka?
Daga wani ɗalibi.

AMSA: Fuskar waɗannan na'urori shimfiɗa biyu ce siriri, ɗaya a kan ɗaya, idan ka danna sai su haɗu na'urar ta lissafa wurin. Da tsufa da zafi lissafin yakan goce. Shiga wurin saituna ka nemi inda ake daidaita fuska, za ta nuna maka alamomi ka taɓa tsakiyarsu ɗaya bayan ɗaya. Idan gocewar tana dawowa bayan kwana kaɗan, duba gefen fuskar ko ƙura ta maƙale a ƙarƙashin baki tana danna ta, ka share da takarda siririya a hankali. Kada ka yi amfani da biro ko wani abu mai kaifi a madadin tsinken, domin karce a wurin rubutu ba ya gyaruwa.

TAMBAYA: Malam, ina ajiye lambobin sirri na asusuna a cikin na'urar, kuma na sa mata kalmar sirri. Idan ta ɓace, ina cikin aminci? Sannan ta yaya zan mayar da adireshina cikin waya idan na yanke shawarar barinta?
Daga wata ma'aikaciyar ofis.

AMSA: Malama, kada ki saki jiki da wannan kalmar sirri. A tsofaffin na'urori da yawa, abin da take yi shi ne ɓoye bayanin daga idon mai dubawa, amma ba ta sauya shi zuwa rubutun da ba ya karantuwa, don haka wanda ya san kan na'urar zai iya kaiwa gare shi, musamman ta kwafin da ke kan kwamfuta. Gaskiya ne cewa rashin haɗuwarta da intanet ya kare ta daga masu kutse daga nesa, wannan kuwa fa'ida ce babba, amma ba ki da ikon kulle ta ko goge ta daga nesa idan ta fita hannunki, kamar yadda ake yi wa wayar zamani. Ki cire lambobin asusu daga cikinta yau, ki bar mata alkawura da adireshi.

Batun mayar da adireshi kuma, hanyar tana bi ne ta kwamfuta. Ki yi kwafin ƙarshe, sannan a cikin manhajar kwamfutar ki nemi wurin fitar da bayanai, ki zaɓi tsarin vCard ko CSV, waɗanda littafin adireshi na waya da na imel suke karɓa. Kalanda ta fi wuyar ɗauka, domin alkawura masu maimaituwa sukan rikice a hanya, saboda haka na fi son ki sake shigar da na watanni masu zuwa da hannunki. Idan kin gama, ki buɗe sunaye goma ko ashirin a wayar ki gwada su da na cikin na'urar, ki duba ko lambar gida ba ta koma gurbin ta ofis ba kuma sifirin farkon lamba bai faɗi ba, domin manhajar lissafi irin ta Excel takan jefar da shi idan aka buɗe fayil ɗin CSV da ita. Sai kin tabbatar da wannan sannan ki goge na'urar gaba ɗaya, kafin ki bayar da ita ga wani.